Igiyar da Na Auno Sankore da Ita

Ƙarfe biyar na asubar wata Talata, shekara biyu da tafiyar Faransawa, na bar unguwarmu Kalley ta Yamai da sabuwar igiya a kafaɗa. Dattawan unguwarmu za su mai da makarantar marigayi Malam masallaci, suka kafe sai an yi shi kamar Sankore ta Tumbutu, wadda aka ce wani alƙali ya auno Ka'aba da igiya ya fitar da farfajiyar Sankore daidai awon. Ni ne magini, ni na cika baki zan kawo awon. In na dawo hannu wofi, aikin ya koma ga wani magini ɗan unguwar Gamkalley da ba na ko son jin tarinsa.

Yamai zuwa Gawo

Kwana biyu a kamiyon wani direba, Sumana, a bisa buhunan albasa. A kan iyaka ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya juya igiyar ya ce, "Ina akuyar?" Na ce ta ilimi ce. Ya ce to ilimin ya biya dala biyu.

Tumbutu

Daga Gawo jirgin ruwa muka hau. Da hantsi na isa Sankore, na tsaya ina kallo. Ƙasa ce irin wadda nake kwaɓawa kullum, hasumiyar kamar ƙaton suri, itatuwa sun leƙo ta ko'ina a jikinta. Na tambayi wani tsoho da ke shara ko itatuwan wani sirrin malamai ne.

"Matakala ce, ɗana. Masu yaɓe ke takawa."

Ya nuna mini inuwar da ɗalibai ke zama ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kowane malami da ginshiƙinsa. Yanzu sai salla, sai jemagu. Ya riƙe mini bakin igiyar na auna farfajiyar, na datse igiyar daidai tsawonta.

Komowa

Daga Gawo na sake hawa kamiyon Sumana. Bayan Ansongo ƙarfen gindin kamiyo ya karye. Na tafi sallar azahar, na dawo na tarar Sumana ya ɗaure shi tam da kashi ɗaya cikin uku na Ka'abata.

"Ka san abin da ka yanka kuwa?"

"Maigida, igiya ce. Ko a nan kake son kwana?"

Har Tilaberi ban ci abinci ba don baƙin ciki.

Kalley

Ranar Juma'a bayan la'asar dattawa suka taru. Liman ya kama bakin igiyar, na ja guntuwar. Daga bangon makarantar zuwa ɗaya bangon, ko yatsa bai ragu ba. Liman ya fashe da kuka, ya ce ashe marigayi waliyyi ne, a kan awon Ka'aba ya yi gini bai gaya wa kowa ba. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, na hango ɗan Gamkalley a bayan taro, na rufe.

Na gode wa Allah da ya maido ni gida lafiya. Sumana kuwa, duk sallar layya ina aika masa cinya, har yau bai san ta mece ce ba.