Wayar da Take Son A Faɗi Suna

Da na sayo wa Inna waya a kasuwar Ƙonni, ji na yi na gama mata komai a duniya. Mai shagon ya rantse an yi ta ne domin tsofaffi: babu karatu, babu lamba, danna wuri ɗaya kawai, ka faɗi sunan mutum, ta kira shi. Wanda ya ƙera ta dai bai taɓa shan furar garinmu Bazaga ba.

Yayanmu, ɗan farin Inna, yana Abijan, kuma labari ya zo cewa yana kwance ba lafiya. Inna ta daina cin abinci sosai, amma ko a fuska ba ta nuna dalili ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko maƙwabcinmu mai irin sunan, "mai sunan wancan" take ce masa.

Na zauna kusa da ita a kan tabarma, ina ta hura hanci kamar ni na ƙirƙiro wayar.

"Inna, danna nan, ki faɗi sunan Yaya."

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ke, ɗiyar ga, lakwal ɗin taki ta boko abin da ta koya miki ke nan? In hwaɗi mi?"

Na yi lallashi, na yi fushi, na ce ai ƙarfe ne, ba zai kai tsegumi ba. Ta ce ƙarfen da ke jin magana ba ta yarda da shi ba. Sunan ƙanwata kuwa ta faɗe shi raɗau, suka sha hira a kan tsadar wake.

Da na gaji, na goge sunan Yaya a wayar, na rubuta "Wancan". Ta danna, ta faɗa a hankali, wayar ta shiga. Muka ji muryarsa, a dashe amma da ƙarfinta: "Inna? Inna, ke ta?"

Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ya yi ta kira, tana ta saurare, hawaye na zuba. Ni ma sai da tausayi ya sa ni kuka. Can ta miƙo mini wayar, ta kau da kai wajen awaki.

"Tambaye shi ko shina cin abinci."