Fuskar Hasan a Jikin Kwali

Duk wanda ya zauna unguwar Hausawa ta New Bell a shekarun da Douala ta rikice ya san Husaini mai tsire, ko da bai taɓa cin tsirensa ba, don muryarsa kan riga hayaƙinsa isa bakin titi. A unguwar aka haife shi. Kakansa ne ya gangaro daga Arewa da fataucin goro, ya ga ruwan sama ba ya yankewa, ciniki ma ba ya yankewa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Husaini yana jin Faransanci, yana zagi da yaren Duala in ta kama, kuma ba a taɓa yin magana a gabansa bai tsoma baki ba.

Tagwaye ne shi da Hasan. Kamarsu ɗaya har ta ɓaci, in ban da ɗan tabo a girar Hasan ta hagu, inda ƙugiyar nama ta yage shi yana saurayi. Amma ba sai ka duba gira ba. Wanda ka gaisar ya amsa ya yi shiru, Hasan ne. Shi mahauci ne, shi ke yanko naman da Husaini ke gasawa, kuma mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, takan ce Husaini ya kwashe maganar mutum biyu tun suna ciki.

Sai ga shekarar da aka riƙa kashe gari, abin da ake kira ville morte. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba mota, ba mai buɗe shago sai wanda ya gaji da shagonsa. Husaini ya faɗa wata jam'iyyar adawa tsundum, ya yi kati, ya sa hular da ya fi so aka ɗauke shi hoto. Da za a yi babban taron fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa, reshen unguwa ya zaɓe shi wakili. Wasu sun ce don amanarsa ne. Wasu sun ce don a huta da shi kwana biyu.

Mutum biyu ke neman tutar. Akwai Metir Esombe, lauya, wanda aka taɓa tsarewa ya fito yana ɗingishi, kuma ɗingishin bai rage masa kaifin baki ba. Akwai Misyo Ndongo, tsohon firefe, wato babban jami'in mulki, wanda ya daɗe yana aiki a Arewa, ya iya gaisuwar Hausa har da "ina gajiya", ya bar gwamnati ba tare da an ji ƙarar ƙofa ba.

Tunda ba nama, sai murhun Husaini ya zama majalisa. Bayan la'asar a jeru a benci, a zagaye toka mai sanyi, a ɗauko mutanen nan biyu a juya su kamar tsire.

"Metir ya sha duka saboda mu," in ji Jafaru, ɗan maƙwabcinsu marigayi, wanda ke jan samarin unguwa. "Shi kuwa wancan, me ya sha? Shayi a ofis!"

Malam Zailani limamin unguwa ya ce, "Wanda ya san ƙofofin gidan shi zai iya shiga da mu. Metir ihu ya iya. In an ba shi ƙasa, wa zai yi wa ihun?"

"Malam, gafarta," in ji Husaini, "wanda ya san ƙofofin gida ai ɗan gida ne. Ni Metir zan yi, kowa ya ji."

Hasan yana gefe yana wasa wuƙaƙen da ba abin da za su yanka. Aka matsa masa ya faɗi nasa. Ya gwada kaifin wuƙa a farcensa, ya ce shi dai wanda zai bar shi ya yanka saniya ranar Litinin. Aka yi dariya, Husaini ya ce wannan ba siyasa ba ce, yunwa ce.

Saura 'yan kwanaki taro, wata Laraba da hantsi, Hasan ya fita zuwa unguwar Kassalafam ya shayar da wani bijimi da ya ɗaure a gidan abokinsa yana jiran Asabar. A hanya aka yi arangama tsakanin samari da masu kaki a wani shinge, aka yi harbi. Har yau kowa da irin yadda yake ba da labarin. Abin da ba a musu a kai shi ne an ga Hasan kwance da bokitinsa, an ɗauke shi a mota.

Husaini ya ji labarin harbin, ya fito a guje. Wata mai sayar da ƙosai da ta ga abin da idonta ta hango shi, ta yar da matsami ta kurma ihu, don a wurinta wanda ta ga an ɗauka ne ya dawo da ƙafarsa. Nan ya san Hasan ya rasu. Ba wanda ya faɗa masa da baki.

Mu a wurinmu mamaci ba ya kwana in da hali. A yi masa wanka, a suturce shi, a sallace shi, a kai shi, tun rana ba ta faɗi ba. A Douala kuwa maƙwabtanmu girmama mamaci a wurinsu shi ne a ajiye shi a ɗakin sanyi na asibiti, makonni ma, har dangi su taru a yi masa biki na gani na faɗa. Kowa da nasa, kuma an daɗe ana zaune lafiya a haka. Amma ranar nan da Husaini ya isa asibiti, sai aka ce gawar harbi ba ta fita sai da izini daga sama. Wane sama? Aka ɗaga masa kafaɗa.

Yana nan tsaye ana kiran azahar, sai ga Metir Esombe da kansa, a ƙafa, yana jan ƙafarsa mai ciwo, Jafaru da samari na biye. Ya rungume Husaini, kuma hawayensa na gaskiya ne, Husaini ya ji ɗuminsu a wuyansa.

"Mon frère," in ji Metir, wato ɗan'uwana, "ɗan'uwanka na al'umma ne yanzu. Ka bar shi a la morgue, ɗakin sanyi, zuwa ranar taro. Za mu yi masa akwati mai gilashi, mu ɗauke shi daga nan har gadar kogin Wouri, duniya ta ga abin da aka yi."

"Metir, yau za a rufe shi."

"Yau? Kamar wanda ba shi da kowa?"

Mutumin bai yi nufin cin fuska ba. Abin da ya fi daraja a wurinsa shi ya miƙo. Wannan ne ya fi ƙona Husaini, don da mugunta ce da ya san abin da zai ce. Ya dubi Jafaru, wanda ya san al'adarmu sarai, ya ga yaron ya sunkuyar da kai. Ya tuna Hasan, wanda ko ruwan randa ba ya iya wanka da shi sai an ɗumama, yana kwance cikin ƙanƙara har mako. Husaini ya zare hannunsa daga na Metir ya juya.

Malam Zailani ne ya tare shi a bakin ƙofa ya ce masa, "Ka san inda za ka."

Ya sani, kuma ya ƙi jinin sanin. A ƙafa ya tafi gidan Misyo Ndongo a unguwar Deïdo, ta lunguna, yana kauce wa tayoyi masu ci da wuta. Misyo Ndongo ya fito da silifas, ya saurare shi bai katse shi ba, ya ce da Hausarsa mai gargada, "Allah ya jiƙan shi. Kafin magariba, ko?" Ya ja tarho ya juya lamba. Bai nemi lambar a ko'ina ba, a kansa take. Ya kira wanda ya ɗauka da sunan yanka, ya tambayi madam da yara, har aka faɗa masa wani abu ya yi dariya. Sannan ya yi magana gajeriya, ya ajiye.

"Je ka, za su ba ka shi."

Bai ambaci taro ba, bai ambaci ƙuri'a ba. Husaini ya yi godiya har ƙasa, kuma godiyar ta gaskiya ce. Amma dariyar nan ta bi shi duk tsawon hanya. Mutumin da ƙofar da aka rufe wa kowa ke buɗe masa da hira, ina ya tsaya da safe lokacin da ake harbi?

Da hannunsa ya yi wa Hasan wanka, da ruwa mai ɗumi. Rigar Hasan ba ta dawo ba, da ita da katin shaidar da ke aljihunta. Aka sallace shi rana ta yi ja, aka ɗauki makara a kafaɗa tunda ba mota, Husaini a gaba.

A mararraba ta farko suka tarar da samari sun cika hanya. Jafaru na gaba da tutar jam'iyya a buɗe. Ta hagu hanyar maƙabarta ce, ta dama babban titi, inda ake jin motocin masu kaki na kai da kawowa. Makara ta tsaya. Na baya suka fara salati da ƙarfi, wasu tsofaffi suka fara ja da baya.

"Kawu, mu lulluɓa masa kawai, mu bi ta babban titi," in ji Jafaru. "Kada jininsa ya tafi a banza."

Husaini bai sauke makara ba. Ya ce, "Jafaru, ranar da ubanka ya rasu, ni da wannan da ke kaina muka shiga rami muka karɓe shi. Da tuta muka rufe shi?"

Ba wanda ya motsa. Wani daga baya ya yi ihu da Faransanci a ƙwace makarar. Jafaru ya juya ya dube shi, ya naɗe tutar ya cusa masa a hannu, sannan ya zo ya sa kafaɗarsa kusa da ta Husaini. Aka bi ta hagu. Ana zuba ƙasa ta ƙarshe aka ji kiran magariba.

Bayan sadakar uku dattawan unguwa suka zauna, suka ce ƙuri'ar reshe ta wanda ya ba su gawarsu ce. Husaini ya ba su labarin dariyar tarho. Ya ce Metir bai san mu ba, amma ana iya koya masa, shi kuwa wancan ya san mu sarai, kuma ya san masu harbin. Malam Zailani ya ce, "Mun ji. Amma ba taka kaɗai za ka kai ba." Husaini ya je taro ya jefa wa Misyo Ndongo, zuciyarsa na ƙi, hannunsa na yi. Metir ne ya ci da ƙyar, daga baya jam'iyyar ta tsage biyu, amma wannan ba labarin Husaini ba ne.

Nasa yana bakin ƙofar zauren taron. Yana fitowa ya ga magoya bayan Metir suna rawa da kwalaye a sama, a jikin kowanne an manna hoto an rubuta sunan Hasan. Ya matsa ya duba. Hularsa ce. Girar hagu sumul, ba tabo. Shi ne, Husaini, ake yawo da shi a matsayin gawa.

Jafaru ya zo yana kame-kame. "Sun ce sai da hoto, Kawu. Na ce Baba Hasan bai taɓa ɗauka ba sai na katin shaida. Sai suka ciro naka na jam'iyya, suka ce ai duk ɗaya ne."

Husaini ya fizge kwali ɗaya daga hannun wani saurayi, wanda ya dubi kwalin, ya dubi mai fizgewa, ya sake shi ba musu. Niyyarsa ya hura murhu da shi ranar Asabar. Ya shiga gida da shi a hammata, ya tsaya bakin ɗakin Larai, matar Hasan, wadda ke takaba, ya gaishe ta ta bayan labule kamar kullum. Ta hango kwalin, ta kira shi da alkunyarsa.

"Baban Zaituna, ba ni wannan."

"Ba shi ba ne, Larai. Ni ne. Ƙarya suka yi."

"Na san mijina," ta ce. "Amma ba ni da ko ɗaya, ga 'yarmu Hawa'u ko yaye ban yi mata ba."

"To ba ga ni ba? In ta girma ta dube ni."

Ta ce, "Kai za ka tsufa."

Ya miƙa mata. Ta jawo tandun kwallin da takaba ta hana ta sawa, ta dangwala, ta ja ɗan layi a girar hagu, daidai inda ƙugiya ta yaga, ba ta ko yi gyara ba. Husaini bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a maƙabarta ba. A nan ya zauna a dandamali ya rufe fuskarsa da hula.

Ya koma murhunsa da gari ya buɗe, yana sayen nama a hannun wani. Siyasa bai bari ba, duk zaɓe sai an ji ta bakinsa, sai dai yanzu in ana yabon ɗan takara yakan bari a gama, sannan ya tambaya wa mutumin ke kira in ya shiga uku. Gemunsa ya yi fari fat. Kwalin yana ɗakin Larai, an yanke rubutun an sa shi a gilashi, kuma 'ya'yan Hawa'u in sun zo sukan nuna shi su ce ga Kaka Hasan, mai tabo.