Injin da Gwaggo ta hana kanta kashewa

Har yanzu in na ji ciwon kai sai gabana ya faɗi. A hunturun bara, a gidan Gwaggo, yayar babana, da ke Old Trafford, na yi kwana uku kaina na sarawa. Muka ce mura ce, ta dafa mini citta da kanumfari. Rana ta huɗu na yanke jiki na faɗi a kicin. Ashe tsohuwar boilar gas, tukunyar ɗumama gidan, ita ce ke fitar da wata iska mai guba, marar wari. Da aka sallame ni daga asibiti na tattara na tafi Birmingham wurin yayata, na ce ni da gidan nan har abada.

Gwaggo mace ce da ke cinikin tumatir sai mai shago ya gaji. Amma ita ce ta ce a cire gas gaba ɗaya, a sa heat pump, wani akwati mai fanka da ake kafawa a bayan gida, yana zuƙo ɗumi daga iskar waje. Ɗanta babba ya hau faɗa, ina ji ta waya:

"Mama, sabuwar boila ta fi araha nesa ba kusa ba, ko da tallafin da gwamnati ke bayarwa kan heat pump ɗin! Ga lantarki ya fi gas tsada, ga gidan tsoho."

"Kai da lissafinka," in ji ta. "Ka sa ɗiyar ƙanena a ciki? Nawa ka yi mata kuɗi?"

Ba ta yi da ka ba kuwa. Sai da ta sa aka toshe rufi da kafofin tagogi tukuna, don kada ɗumin ya tsere. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne gargaɗin mai haɗawa: kada a riƙa kashe shi, a bar shi yana aiki a hankali, ya fi sauƙin kuɗi. Matar da ko firji take harara in za ta fita! Ta samo salatif ta manne makunnin, don kada hannunta ya rigaye ta.

Na tambaye ta ko an ci riba. Ta ce bil ɗin kusan ɗaya ne, wani watan ma ya ɗan ɗara.

Na koma gidan Gwaggo wata biyu da suka wuce. Ban iya zama a ɗakina sai taga na ɗan buɗe, duk da na san babu gas a gidan. Gwaggo kan leƙo ta ce, "Hajiya, yau ma titi muke ɗumamawa?" Sai ta ja mini ƙofa, ta bar tagar yadda take.