Gwiwar Fofo Dansu

A tashar Lokosa, inda nake sayar da baƙin mai tun ina goyon ɗan farina, babu direban da aka yi wa dariya kamar Fofo Dansu. Kunkuru suke kiransa. Mai keke ma yakan wuce shi, har ya waigo ya ce, "Fofo, in ja ka ne?"

Wannan sanyin ƙafar shi ne sana'arsa. Idan makanike ya sauke injin tsohuwar mota ya sa sababbin ringi, ba a miƙa ta ga waɗannan mahaukatan yaran tasha, ranar za su kashe ta. Dansu ake ba makulli, ya yi ta lallaɓa ta har ringin su zauna. Bai taɓa mallakar ko taya ba, amma kusan kowace tsohuwar Fijo a garin nan ta ratsa hannunsa.

Wajen zaɓen mai kuwa, ya ishe ni! In miƙa masa galan mai tsada, ya murza tsakanin yatsu, ya ture.

"Wannan ya cika santsi. Sabon ringi sai ya ɗan gogu kafin ya zauna. Ba ni na talakawa."

"Fofo, so kake in kwana da yunwa?"

"Kwantar da hankalinki, kwanan nan za mu juye shi, ki sake sayar mana."

Matarsa Dada Ablawa kullum tana gefensa. Tukwanen ƙasa take sarowa daga garin Se, ta cika bayan motar. Injin yana son ɗan nauyi, tukwane suna son direba mai hankali, kowa ya huta. Ba ta taɓa sauke fasasshiya ba.

Sai kunnen Dansu ya fara mutuwa. Aikin nan kuwa da kunne ake yin sa: ka ji inji ya fara nishi ka rage giya, ka ji ya saki ka ƙara. A kira shi daga baya, shiru. Amma motoci suka ci gaba da dawowa lafiya, muka ja bakinmu.

Da damina Dada Ablawa ta rasu. Wallahi na yi kuka kamar uwata ce.

Bayan an share makoki, Mesan makanike ya gama gyaran akori-kurar da ya gada wajen babansa, Fijo 404 da ta girme shi. An rarake injin har iyaka, in ya lalace wannan karon sai 'yan gwangwan. Abokansa suka ce kada ya kuskura ya ba kurma. Dansu kuwa kullum yana zaune a bencina, idonsa na kan garejin Mesan. Kowa ya san in aka tsallake shi yau, shi da sitiyari har abada.

Mesan ya tsallako titi, ya saka masa makulli a hannu. Dansu ya murza maina, ya ture mai tsadar kamar kullum. Aka zuba, ya shiga ya tayar. Injin ya ɗauka lafiya lau. Muna ta jira ya ja, bai ja ba. Can ya kashe, ya miƙo makullin ta taga.

"Karɓi abinka, ɗana. Ba na jin sa. Na daɗe ba na ji. Ablawa ce take taɓa mini gwiwa."

Mesan ya sunkuya, ya ɗaga murya saitin kunnensa. "Mun sani, Fofo. Duk tashar nan ta sani."

Dansu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na kawar da kai, na shiga goge galan ɗin da ba shi da datti.

Mesan ya cire rigar aikinsa, ya zagaya, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna a wurin Dada Ablawa.

"Yaya take yi?"

"Sau ɗaya in ƙara giya, sau biyu in rage." Dansu ya share ido da bayan hannu. "Kuma a hankali. Ba duka take yi ba."

Suka fita daga tasha, mai keke ya wuce su, bai ce uffan ba.