Hon ɗin Kawu Mumuni

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawu Mumuni a cikinku ya san abin da ke aljihun rigarsa na dama. Ba carbi ba ne, ba goro ba ne. Hon ne na roba, irin wanda masu tallar ayis-kirim ke ɗaura wa kekensu. Aikinsa ɗaya tak. Da zarar malami ya buɗe baki ya ce, "Kun gane?" sai ka ji pom! Ka faɗa da Turanci, pom! Ka juya ta da yaren Twi don ka kauce masa, sai ka sha pom biyu, wai ɗaya na tambayar, ɗaya na wayo.

Ga waɗanda suka zo zaman nan na tunawa da shi ba su san shi sosai ba, Kawu shi ne mai tarbar sababbin malamai a sashen karatun manya na jami'a, can ta hanyar Sofoline. Duk malamin da aka turo ya koyar da 'yan kasuwa da teloli da dillalan shanu ranar Asabar, sai ya bi ta hannun Kawu tukuna, ko da digirinsa ya cika buhu. Ni Rakiya, 'yar yayarsa, na bi ta hannunsa kamar kowa, kuma ban ga rangwame ba.

Na taɓa ce masa, "Kawu, me 'kun gane' ta yi maka ne?"

Ya ce, "Ke, mutum mai jikoki zai ɗaga hannu gaban jama'a ya ce bai gane ba? Zai ce miki 'eh', ya gyaɗa kai har hularsa ta karkace. Asabar mai zuwa ki neme shi ki rasa. In kina son gaskiya, ki ce, 'A ina na ruɗa ku?' Ki ɗauki laifin ki ɗora a kanki, ai ke yarinya ce, kanki zai ɗauka."

Abin bai tsaya a aji ba. Akwai wata walimar suna a unguwar Asawase, wasunku na wurin. Malam na tsaka da wa'azi, ya yi nisa, sai ya ce, "Jama'a, kun gane ko?" Pom! Kowa ya waiwayo. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Gafarta Malam, zama na yi a kansa." Malam ya ci gaba. Kawu ya miƙe ya koma can baya ya jingina da bango. Ba a jima ba Malam ya sake sakin ta, aka sake jin pom!

Malam ya ce, "Ticha, yanzu kuma fa? Ai a tsaye kake."

Kawu ya ce, "Gafarta Malam, wannan karon da gangan ne."

Shi horon nasa ba ya yin lacca. Wata tsohuwar jaka gare shi cike da huluna da tarkace. Sai ya ce wa sabon malami ya tashi ya koyar, shi kuma ya sa hula ya koma ɗalibi. Kun tuna Dokta Boateng, mai koyar da lissafin kasuwanci? Ga shi can yana dariya tun ban faɗa ba. Ranarsa ta farko Kawu ya sa jar dara ya zama Alhaji dillalin shanu. Dokta na bayani, wayar Alhaji ta yi ƙara. Alhaji ya ɗauka ya shiga ciniki da ƙarfi: "A'a, wannan bijimin ba na sayarwa ba ne a haka!" Dokta ya yi gyaran murya, Alhaji bai ji ba. Dokta ya tako ya zare wayar daga hannunsa ya ajiye a kan tebur, ya ce sai an tashi.

Alhaji ya gyara zaman darar tasa. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ɗauki wayarsa, ya fita. Muka zauna muna jiran Kawu ya dawo ya yi sharhi. Shiru. Aka leƙa baranda, babu shi. Ashe mutumin nan trotro, motar haya, ya shiga ya tafi gida Asawase ya kwanta. Muka yi ta zama har yunwa ta kore mu.

Washegari Dokta ya tare shi a bakin ƙofa. "Massa, jiya ina ka tafi?"

Kawu ya ce, "Ba ni na tafi ba, Alhaji ne. Ni na dawo don nan ne wurin aikina. Shi ba wurin aikinsa ba ne, ba zai dawo ba. Yau kuma Hajiya za ka koyar, ka yi a hankali."

To, wannan Hajiyar ita ce maganar. A ƙasan jakar akwai wani koren mayafi. Kawu, da gemunsa da komai, zai yafa shi ya shigo yana ɗingisa ƙafa, ya ce ya bar tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, a hannun yara. In malami ya kuskura ya ce, "Hajiya, tashi ki karanta mana," sai ta ja mayafin a kafaɗar hagu, ta ce, "To, madalla," ta nufi ƙofa. Kowa ya yi ta dariya. Ni kaɗai ce ba na dariya sosai, don na san Hajiyar nan. Uwata ce, Mma Adiza.

Mma ce babba a gidansu. Ta bar makaranta tana yarinya ta kama sayar da waakye don Kawu ya ci gaba da tasa. Bayan ta girma ta haife mu, Kawu ya lallaɓa ta ta shiga ajin manya. Wani matashin malami ya tambaye ta ko ta gane, ta ce eh. Ya ce tunda ta gane, ta fito allo ta nuna wa kowa. Ta fito ta tsaya da alli a hannu, aji ya fashe da dariya, har da matan da ke cin abincinta kullum. Ta ja mayafi ta ce, "To, madalla." Daga nan ta rantse da Allah ƙafarta ba za ta ƙara taka aji ba. Abin ya tsaya wa Kawu a rai duk rayuwarsa, kuma bai ɓoye ba. Ya ajiye kujera ɗaya a baya, kusa da ƙofa, ya ce ta Yaya ce, ba mai zama a kai sai ta zo. Ko shi da mayafinsa ba ya zama a kanta. Ranar da shugaban sashe ya shigo duba aiki ya nufi kujerar, Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, da mai ita." Shugaba ya ce, "Ina take?" Kawu ya ce, "Tana hanya." A tsaye shugaba ya gama duba aikinsa.

Shekara da shekaru yana roƙon ta. Ita kuma amsarta ɗaya: "Mumuni, ka ci abincinka ka tashi, kana tare mini masu saye."

Dokta Boateng ne ya tona asiri, ba da niyya ba. Wata safiya ya biyo ta Asawase ya tsaya sayen waakye, bai san wurin wa ya tsaya ba. Ya ce yaji ya yi yawa, Mma ta ja mayafi a kafaɗar hagu ta ce, "To, madalla." Dokta ya saki cokali. Kun san Hausarsa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ce, "Ei! Kai ne Hajiya! Wallahi kai ne! Har mayafi, sai dai na Ticha kore ne." Mma ta ce, "Kore? Mai ɗigon fari a baki?" Mayafin da ya ɓace mata a kan igiyar shanya ke nan, wanda ta daɗe tana zargin akuyar maƙwabta da cinyewa. Ta titsiye Dokta, ya kwashe labarin Hajiyar Kawu kaf ya faɗa mata.

Ranar ni ce a gaban allo, ina gwajin koyarwa. Kawu na zaune cikin mayafi yana hamma irin ta Hajiya. Sai ga Mma a bakin ƙofa, da ludayin miya a hannu, tana haki. Ta tsaya cak a dokin ƙofa, yatsan ƙafarta bai wuce ba.

"Mumuni! Fito nan!"

"Yaya, sannu da zuwa. Ina cikin aiki."

"Aikin shi ne ka mai da ni abin dariya gaban Daktoci? Da gemunka? Ba ni mayafina!"

"Ga shi, Yaya. Shigo ki karɓa."

"Ka san na rantse."

"Na sani. Shi ya sa nake zaune a nan tsakiya."

Ya gyara mayafin, ya ja shi a kafaɗar dama, ya ce da siririyar murya, "To, madalla." Mma ta ce, "Hagu! Hagu nake ja, sakarai! Kuma yaushe na taɓa ɗingishi?" Kafin ta ankara ta tsallako, ta fizge mayafin, ta kwaɗa masa ludayi a kafaɗa. Sannan ta dubi ƙafarta, ta dubi ƙofa, ta ce, "Innalillahi. Ka karya mini rantsuwa."

Kawu ya ce, "Ki ciyar da miskinai goma, Yaya. Ke da kike ciyar da rabin Asawase kullum safiya?"

Gudun da ta sha daga tashar mota ya gajiyar da ita. Ta nemi wurin zama, kujerar da ke kusa da ita ita ce ta bakin ƙofa, ta zauna. Na ga Kawu ya juya baya yana gyara jakar hulunansa, jakar da ba abin da ya same ta. Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malama Rakiya, ci gaba. Ga ɗaliba ta gaske."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na yi bayanin riba da uwar kuɗi. Da na kai ƙarshe, "kun" ta riga ta fito, na ga hannun Kawu ya nufi aljihu, na haɗiye sauran. Na ce, "Mma, a ina na ruɗa ku?"

Ta ce, "Tun daga sallama."

Muka koma farko.

Kada ku ɗauka daga ranar ta zama ɗaliba. Ina! Ta ce ita dai za ta riƙa zuwa ranar horon malamai don ta hana Mumuni ɓata mata suna. Ta karɓe aikin Hajiya daga hannunsa, kuma ku da kuka biyo baya kun san ta fi shi tsanani nesa ba kusa ba. Amma in ya ce ta sa sunanta a ajin Asabar na gaske, sai ta ce ita ba karatu ta zo yi ba, gadi ta zo yi. Kawu ya ce mini, "Bar ta. Ta shigo, saura ta zauna."

Da ciwo ya kama shi bara ya yi tsanani, aka dawo da shi gidanmu, Mma ce ke jinyarsa. Ya rame, magana ma da ƙyar. Wata rana da hantsi ta shigo da koko, ina zaune a gefen gado. Ta ajiye kofin ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, kamar mai shirin faɗa.

Ta ce, "Mumuni, na je na sa sunana a ajin Asabar. Kuma ka ji da kyau, ba don kai na yi ba, don kaina na yi. Kada ka je kana faɗa wa mutane kai ka ci nasara. Ka gane?"

Daga ƙarƙashin bargo muka ji pom. Ƙarami, da ƙyar ya fito, amma pom ne. Ashe hon ɗin na hannunsa duk kwanakin nan. Mma ta ce, "Ɗan banza," ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannun nasa da hon ɗin duka. Bai kai Asabar ɗin ba.

Yanzu Mma na shekararta ta farko. Tana zama a kujerar bakin ƙofa, hon ɗin na cikin jakarta. Makon jiya wata sabuwar malama ta manta ta ce, "Kun gane?" Aka ji pom daga baya. Aji ya kwashe da dariya, malamar ma ta yi dariya ta ce, "Afuwan, a ina na ruɗa ku?" Da na waiwaya, Mma ta rufe fuska da koren mayafinta, kafaɗarta na rawa, kuma ba dariya take yi ba. Ina kewarsa ƙwarai, jama'a, ba zan ɓoye muku ba.

Allah ya jiƙan Kawu Mumuni, ya yafe masa kurakuransa, har da satar mayafi. Ya Allah, bawanka ya ajiye wa yayarsa kujera shekara da shekaru bai gaji ba, ka ajiye masa tasa a Aljanna. Amin.