Shikulu Kapembwa, Mutumin da Ya Ƙwato Ranar Litinin

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Lazarous Kapembwa yake jingine kekensa a gindin mangwaron da ke bayan ɗakin ajiye jakunkuna na kulob ɗin golf na garinmu, nan yankin haƙar tagulla na Zambiya. Kafin ya sha shayi sai ya zaga ramukan wasa goma sha takwas na filin da ƙafa. Ya duba inda gara ta yi sabon gini, inda ruwa ya kwanta, inda awaki suka keta shinge. Ƙarfe bakwai ya zauna a benci ya jera masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna. Wanda ya riga zuwa shi ke fara samun ɗan wasa, ko da ɗan cikinsa ne a ƙarshen layi. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, ashirin da shida daga ciki yana shugaban 'yan jaka. Kowa Shikulu yake ce masa, wato kaka. Asabar mai zuwa zai ajiye aiki.

Kamfanin tagulla ne ya gina kulob ɗin. Da kamfanin ya durƙushe, ma'aikatan kula da fili suka ragu daga talatin zuwa huɗu. Duk da haka filin bai koma daji ba. Na yi shekara ashirin ina rubuta rahoton gasanni a can, ban taɓa tambayar dalili ba. Sauran 'yan kulob ma ba su tambaya ba.

Dalilin shi ne Litinin. Tun zamanin kamfani ake rufe kulob a ranar, a bar 'yan jaka su buga nasu wasan. Shikulu ya ƙara sharaɗi ɗaya. Ya raba musu ramukan, kowane rami da masu shi, mutum biyu ko uku. Daga safe zuwa tsakar rana za su tsuguna da wuƙa su cire baƙuwar ciyawa daga shimfiɗar da ke kewaye da ramin, su cike wuraren da sanda ta kwashe ƙasa, su tsince tsutsa. Sai bayan nan wasa. Ba a biyan kowa, ba a kuma rubuta tsarin a ko'ina ba.

Shekara uku da suka wuce kulob ya ɗauki sabuwar manaja, Tiyezye Jere, 'yar garin Chipata, wadda ta karanto harkar gudanar da kulob a Afirka ta Kudu. Ta san aikinta. Cikin wata shida ta gyara kicin, ta sa ana kama lokacin wasa ta waya, ta jawo mata da matasa. Sai ta kawo shawarar da ake yayi a manyan wurare: a sayo ƙananan motocin batir ashirin masu ɗaukar ɗan wasa da jakarsa, a riƙa ba bankuna da kamfanoni hayar fili ranar Litinin, a sallami 'yan jaka cikin shekara guda. Mutum arba'in da takwas ne. Kwamitin kulob ya amince. A Nuwamba, farkon damina, aka hana su shiga ranar Litinin.

Zuwa Janairu baƙuwar ciyawa ta cinye rabin shimfiɗun, ƙwallo ba ta gangarawa daidai, wani banki ya janye hayarsa. Prisca Mubanga, mai dafa abinci a kulob, tana shanya kwanuka lokacin da manaja ta tare Shikulu a bencinsa. Ita ta ba ni yadda suka yi. Shi Babemba ne, manaja Bangoniya, kuma kowa ya san ƙabilun biyu abokan wasa ne, abin da wani ba zai iya furtawa ba su sai su faɗa wa juna.

"Shikulu, mutanen nan huɗu masu kula da fili barci suke yi ne? Je ka ga rami na shida, sai ka rantse gonar kabewa ce."

"Ba sa barci, 'yar masu cin ɓera. Ke kika kori ma'aikatanki."

"Ni? Ban kori kowa ba tukuna, tsohon mai cin biri."

"Kin hana su Litinin. Wa kike tsammani yana cire miki ciyawar? Aljanu?"

Ya yi mata bayani. Ta ce wannan ba ya cikin takardun da aka miƙa mata.

"Takarda ba ta tsugunawa, jikata. Ba ni Litinin ɗaya, ki zo da takalmin roba. In kin gaji zan sa a kamo miki ɓera biyu ki yi karin kumallo."

Ta ba shi. Amma aikin da ya fi wuya yana gabansa, domin sai ya shawo kan mutanen da aka riga aka faɗa wa za a sallame su, su zo su yi aiki kyauta. Ya bi gidajensu da keke, kwana huɗu. Fewdays Musonda, wanda ya yi shekara goma sha bakwai yana riƙe da rami na shida, ya gaya mini abin da ya ce wa Shikulu: "Haba Shikulu, mu share wa motocin da za su cinye mu hanya?" Tsohon ya amsa: "Matar nan ba muguwa ba ce, ba ta gani ba ne. In ka zauna a gida, me za ta gani?"

Arba'in da biyar suka zo. Manaja ta tsuguna a rami na shida da wuƙar Musonda har tsakar rana, hannunta ya yi bororo. Ta ci tuwon masara da busasshen kifi tare da su a gindin bishiya. A taron kwamiti na gaba ta faɗa da bakinta cewa ta yi kuskure. Aka sayo motoci shida maimakon ashirin, don tsofaffi da masu ciwon gwiwa. Aka mayar da hayar kamfanoni Laraba. Aikin Litinin ya shiga tsarin kulob a rubuce, ana biyan masu yinsa. Ita da Shikulu suka buɗe ajin horo na wata huɗu: dokokin wasa, kula da ciyawa, cajin motocin da gyaransu. Mutum goma sha ɗaya sun karɓi shaida, biyu daga cikinsu mata, uku kuma yanzu suna kula da fili a wasu kulob-kulob na Lusaka da Ndola.

Ba kowa aka tserar ba. Guraben 'yan jaka sun ragu zuwa talatin da tara. Mutum tara sun tafi.

Shikulu, kai ne ka riƙe fili na shekara da shekaru da hannun mutanen da ba a ƙirga su cikin ma'aikata. Kai ne ka ga sabon zamani ya shigo, ba ka tare masa ƙofa ba, ba ka kuma ba shi mutanenka ba. Ginshiƙi, ana shan inuwar ɗaki ba a duba ka. Mu da muke bugawa muna yabon laushin ciyawa, laifin rashin sani namu ne.

Na tambaye shi abin da zai yi bayan Asabar. Na ɗauka zai ce noma. Ya ce cikin taran nan ya samar wa biyu aiki a wata makaranta mai filin ƙwallo, saura bakwai, kuma ya san gidan kowannensu. "Dā ba ni da lokacin zuwa ƙofofin ofisoshi," in ji shi. "Yanzu sai sun gaji da ganina."

Mun gode, Shikulu Kapembwa. Ga masu tafiyar da kulob, asibiti ko masana'anta: kafin ku soke wata tsohuwar al'ada, ku nemi dattijon wurin ku tambaye shi abin da take riƙe da shi. Ga tsofaffin ma'aikata: ku faɗa, ku nuna, kada ku yi fushi ku koma gefe. Wanda kuma yake da lambu, filin wasa ko harabar da ke son mai kula, akwai mutum bakwai a garin nan da suka iya aikin, kuma wanda ya koya musu zai zo ya ƙwanƙwasa. A buɗe masa.