Ranar da Akuyar Inna Ta Cinye Ƙuri'unmu

Abubuwa da yawa sun wuce ni a zaman aurena, wasu ko an tuna mini sai na yi dogon nazari. Amma zaɓen da muka yi a ƙungiyarmu ta mata masu ƙuli-ƙuli yana nan daram a raina, kuma ba na jin akwai ranar da zai gushe.

Lokacin ina da goyon fari, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Daura da Mai'adua, gida ɗaya da surukata, wadda kowa ke kira Inna. Kusan duk matan garin matsar man gyaɗa da suyar ƙuli muke yi, har muka haɗa ƙarfi muka sayi injin markaɗe. Tun da aka kafa ƙungiyar, Inna ce shugaba, ba don an zaɓe ta ba. Ita ce babba, ita ce mai baki, shi ke nan.

Inna ba azzaluma ba ce, amma tana da tsarinta: tsofaffi ne farko a layin inji, sai danginta, mu ƙananan mata a ƙarshe. Jajiberin kasuwar Mai'adua mukan kai yamma liƙis ba a markaɗa mana ba. Kafin mu matse mu soya mu isa kasuwa washegari, masu sari daga Nijar sun gama lodi sun kama hanyar Kongolam ta bakin iyaka. Haka za mu dawo da kayanmu, muna ƙunƙuni a kan hanya, in mun shigo gari mu yi shiru.

Wadda ta fara faɗa a fili wata maƙwabciyarmu ce, matar mai facin babur. Ta ce a riƙa juya layin, wadda ta yi farko wannan mako ta koma baya mako mai zuwa. Gardama ta yi tsawo, sai malamarmu ta Islamiyya ta ce tun da ƙungiyar ta kowa ce, a yi zaɓe mana. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa yanzu ita za a ɗaga a duba kamar atamfa a kasuwa. Amma da ta ga da gaske ake, sai ta ɗaura ɗamara. Ta sayo sabulu da magi, ta bi gida-gida tana tuna wa kowa ranar da ta kwana a kan haihuwarta. Ni ce ma mai ɗaukar mata tiren, alhali zuciyata tana wajen matar mai faci.

Na kai wa maigidana kuka. Ya ce ɗaya ta haife shi, ɗaya tana dafa masa tuwo, don haka shi ba ya cikin wannan shari'a, ya saɓa fartanyarsa ya yi gona. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne malama ta ce a ɓoye za a yi.

Ranar zaɓe muka cika tsakar gidan mai unguwa. An kafa zana a lungu, an ajiye ƙorai biyu a bayanta, ta Inna fara, ta matar mai faci an ɗaura mata jan ƙyalle. Kowa aka ba ta ƙwayar gyaɗa ɗaya. Da layi ya zo kaina na shiga, na jefa tawa a mai jan ƙyalle, na fito ina yi wa Inna murmushi kamar na cika mata aiki. Ana gamawa aka kira azahar, malama ta ce a yi salla tukuna sannan a ƙirga.

Muna sallamewa muka ji ƙwarya na ƙara a bayan zana. Aka leƙa, sai ga akuya ta tsoma kai cikin mai jan ƙyalle, ta lashe ta tas, tana tauna tana kallonmu. Ita kuwa farar ko shinshina ta ba ta yi ba. Kuma ba akuyar kowa ba ce, tamu ce, jar akuyar Inna da ke bin ta duk inda ta sa ƙafa.

Wuri ya kaure. Wasu na dariya har da hawaye, wasu na cewa maguɗi ne, turo ta aka yi. Wata tsohuwa ta ce ai akuyar ma 'yar gari ce, ta kaɗa tata ƙuri'ar ne. Inna ba ta yi dariya ba, don kalmar maguɗin nan ta soke ta. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, “Ni ban gaji sata ba. A yi layi, kowa ta tsaya bayan wadda take so, ido na ganin ido.”

Mata suka fara rabuwa, ni ina tsaye a tsakiya ina gyara goyon da bai kwance ba. Na dubi Inna, matar da ta yi mini wankan jego da hannunta. Na kuma tuna kwandon ƙulin da nake dawowa da shi duk mako. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni bayan matar mai faci ba. Kaina a ƙasa, amma ina jin idon Inna a ƙeyata. Da na ɗago, sai na ga layinmu ya kai har bakin zaure, cike da matan da na miƙa wa sabulu da hannuna.

Inna ta dubi ɗan layinta, ta dubi namu, ta taka ta je ta kama hannun matar mai faci, ta yi mata addu'ar Allah Ya taya riƙo. Sannan ta juyo ta ce wa jama'a sabulun ta yafe, amma duk wadda ta yi wanka da shi ta tuna da ita. Aka sake fashewa da dariya.

A hanyar gida Inna tana gaba ina baya. Na kai mata tuwo da yamma, na durƙusa na ce, “Inna, ku yi haƙuri.”

Ta dube ni, ta ce, “Na gan ki, 'yar nan. Ba tsayuwar ce ta ba ni haushi ba, sunkuyar da kan ne. In kin san gaskiyarki kike bi, me ya sa kika tsaya kamar wadda aka kama da nama a tukunya?”

Ba ta huce a ranar ba, ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice. Amma daga nan ta samu sabon aiki: ta dasa kujerarta kusa da inji, ta zama mai sa ido. Ba a rufa wata biyu ba kuwa sabuwar shugabarmu ta fara zura ƙanwarta gaban layi a asirce. Inna ce ta tona a taro, ni ce kuma na fara miƙewa na mara mata baya, wannan karon kaina a sama. Shugaba ta ba da haƙuri, layi ya koma daidai, kowa ta riƙa cin kasuwa da wuri a makonta.

Yau in na ji ana muhawarar dimokuraɗiyya a rediyo, tsakar gidan nan nake gani. A can na koyi cewa zaɓe ba ƙiyayya ba ne, kana iya ƙin zaɓen mutum kana ƙaunarsa. Na koyi cewa wanda ka zaɓa ma sai ka sa masa ido, don kujera ba ta gyara hali. Kuma wanda ya faɗi ya haƙura ya zauna ana gyara da shi, ba ƙaramin shugaba ba ne.